Shekarar da na bar maimai na bi magana ɗaya

Ƴaƴana, akwai labarin da kuke bayarwa a kaina duk sanda kuka taru da salla, kuna tsammanin kunnena ya yi nauyi. Labarin daminar da na bar ciyawa ta cinye gona, na hau moto ina yawo tsakanin Illela da Alela da Malbaza saboda jimla ɗaya. Ɗan'uwanku Isuhu ya fi kowa iya ba da shi, har da kwaikwayon yadda nake tura tabarau da yatsa. Ban hana ku dariya ba. Amma kuna ba da shi a karkace, kuna tsallake wurin da ya fi nauyi, shi ya sa zan rubuta shi yadda ya faru, wanda ya ga dama a cikinku ya karanta.

Kun san na yi fiye da shekara talatin ina koyar da kimiyya a lakwal, makarantar boko, har sunana ya ɓace, kowa sai Mushe Ilya, yadda ake kiran malami da Faransanci. Duk ajin da na shiga a ranar farko ta shekara, kafin in kira suna, sai in ɗauki alli in rubuta jimla guda a saman allo da Faransanci, sannan in juyo in faɗa musu da Hausa: tafiya zuwa taurari ba ta da wuya ga wanda ya tafi, wuyar tana ga wanda aka bari yana duban sama. A ƙasanta in rubuta sunan wani Bature, mashahurin marubucin littattafan ƙage na kimiyya, irin waɗanda mutane ke shiga jirgi su nufi wasu duniyoyi. Ba zan sa sunansa a nan ba. Na jingina masa abin da bai faɗa ba tsawon aikina, ya isa haka. Daga wannan jimlar nake buɗe darasin rana da wata da taurari, kuma ban taɓa samun ajin da bai yi tsit ba idan na faɗe ta. Yaran sukan kwafe ta a bangon littafinsu. Wasu sun girma, sun zama likitoci da jandarmomi, in mun haɗu a kasuwa kafin su tambayi lafiyata sai su karanto mini ita.

Shekarar da na aje alli, tsofaffin ɗalibaina suka haɗu suka gina ɗakin gwaje-gwaje a lakwal ɗinmu ta Illela. Direktan lakwal ɗin ya kira ni buro, ofishinsa, ya nuna mini zanen da aka yi: za a rubuta jimlar da manyan baƙaƙe a jikin bango, da sunan Baturen a ƙasa, a saman ƙofa kuma a sa sunana. Za a buɗe ɗakin idan an koma karatu bayan damina. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na ɗauki hoton zanen da waya na tura wa ƴar'uwarku Ramatu, wadda a lokacin take karatun kimiyya a jami'a a Yamai, ina jiran ta ce Baba barka. Kwana biyu shiru. Rana ta uku ta aiko da saƙon murya, a hankali, irin muryar da ake yi wa marar lafiya, ta ce ta duba, ba ta ga inda mutumin ya faɗi haka ba, ko na tuna littafin da na gani a ciki?

Na aje wayar. Na ce a raina yarinyar da na koya wa riƙon alƙalami ce za ta tambaye ni littafi.

Da ta zo hutu, damina ta zauna, an gama noman farko, gero ya kai gwiwa. Tun ba ta kwance kaya ba ta zauna gefen tabarmata ta buɗe waya. Ta nema da Faransanci, ta nema da Turanci, ta sauko da littattafan mutumin ɗaya bayan ɗaya ta sa waya ta lalube su. Babu. Abin da ya fi ƙona mini rai, jimlar tana nan a intanet, ba sau ɗaya ba, da hoton Baturen yana riƙe da haɓa. Na ce to ga shi nan. Ta ce in duba sunayen waɗanda suka sa. Na tura tabarau na duba. Ɗan Tajaye, ɗan Badagishiri, wata ƴar unguwarmu da ke aure a Tawa. Dukansu sun zauna a ajina. Wato shaidata a duniya ita ce ni kaina.

Nan na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce mata na tura ta karatu ne don ta dawo ta ƙaryata ni a gidana? Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ku kuka ce mana kada mu karɓi abin da ba mu gwada ba. Ni gwadawa na yi."

Uwarku Sa'a tana bakin murhu tana jinmu. Ta ce ita ba ta san Bature ba, ba ta san taurari ba, abin da ta sani lokacin maimai, noma na biyu, ya yi, kuma maƙwabta sun fara nasu. Na ce kwana biyu kawai nake so in rufe wa yarinyar nan baki. Ta ce Allah ya sa kwana biyun irin na mutane ne.

Na sauke tsohuwar adakata na fiddo littattafan rubutu na farkon aiki, waɗanda gara ta yi wa gefe-gefe. Na wuni ina buɗawa ina atishawa. Na same ta, da rubutun hannuna na ƙuruciya, mai tsaye kamar soja. Babu sunan littafi, babu shafi. A gefe na rubuta kalma biyu kawai: daga Abdu.

Abdu abokina ne tun wurin aikinmu na farko a Alela, ɗaki ɗaya muka zauna, tukunya ɗaya. Shi malamin Faransanci ne, mai son magana mai gishiri, kuma da ya aje aiki can Alelan ya koma ya zauna, ya zama mutumin da ba a taro sai an ba shi magana. Da sassafe na hau moto. An yi ruwa, hanya ta zama kunu, sau biyu ina sauka ina turawa, wani mai amalanke ya wuce ni yana yi mini sannu da jakinsa. Na isa da laka har gwiwa. Abdu ya yi murna, ya sa aka dama fura, muka yi hirar waɗanda suka mutu. Da na kawo maganar sai ya ce ai a littafin mutumin ya karanta. Na ce wanne? Ya ce mai jan bango. Na ce sunansa fa? Ya ce shekaru sun yi yawa. Na ce ɗiyata ta lalube littattafan duka. Ya ce to fassara ce ta bambanta. Haka muka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, har ya aje ludayi.

"Ilya, mi kake biɗa? Magana ta yi kyau, yara sun so ta, an kusa rubuta sunanka ga ƙohwa. Wa ya aike ka tonon rami?"

Na ce ba zan tashi ba sai ya gaya mini. Sai ya ce gaskiya shi bai taɓa riƙe littafin ba. A Konni ya ji. Lokacin akwai wani Garba mai gyaran wuta, wanda ya yi lakwal kaɗan, yakan zauna ƙarƙashin itacen bedi kusa da tasha bayan la'asar yana karanta wa ƴan fada, masu zaman shan shayi, littafin Faransanci yana juya musu da Hausa. A bakinsa ya ji jimlar, da Hausa, ta burge shi, shi ne ya mayar da ita Faransanci da kansa ya kawo mini. Wato Faransancin nan da nake rubutawa a allo ina cewa yara ku dubi yadda manyan marubuta ke gina magana, na Abdu ne, wanda muke faɗa da shi a kan wa zai wanke tukunya. Da zan tafi ya riƙe kan moton ya roƙe ni kada in sa sunansa a wannan sha'ani, domin shi ma ya sha faɗinta a taro. Na yi masa alkawari.

Da na san abin da ke jirana a Konni da na koma gona. Garin da kowa ke shigowa yana fita, ka je kana tambayar mutumin da ya zauna gindin itace shekara talatin da suka wuce. Bedin ma an sare, an yi shagon sayar da waya a wurin. Garba mai wuta na farko da aka kai ni wurinsa mai walda ne, bai kai shekara arba'in ba. Na biyu ɗan canji ne, ya ɗauka naira na zo nema. Na uku an ce ya rasu, na je na yi wa iyalinsa ta'aziyya, har na ci goro, sannan aka gane bai taɓa iya karatu ba. Sau uku ina zuwa Konni. Duk dawowa sai Sa'a ta aje mini hauya a bakin ƙofar ɗaki inda dole in tsallake ta. A zuwa na uku wani tsohon direba da ke zaune a tasha ya ji ina tambaya, ya ce ko Garba mai littafi nake nufi, wanda ke ba su labarin mutanen da suka tafi sama? Ai yana Malbaza wurin ƙanensa, idonsa ya tafi, amma bakinsa na nan.

Na same shi da hantsi a zaure, siriri, da carbi a hannu da rediyo a cinya. Na gabatar da kaina, na karanto masa jimlar, na faɗi sunan Baturen. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa. Ni kuwa ina zaune da ƙura a gemu, ban ga abin dariya ba. Da ya sarara ya ba ni labari. Littafin a hannun wata mai ƙosai ya tsince shi, tana yage shafukan tana ƙunshe wa mutane. Ya karɓe abin da ya rage: bangon gaba mai sunan marubucin, da farkon labari, da ƙarshe. Tsakiyar ta tafi da ƙosai. To idan yana karatu ya iso wurin da babu shafi, ga mutane sun zuba masa ido, shayi na tafasa, sai ya ci gaba da motsa yatsa a kan takarda yana zubo abin da ya zo masa. Ya ce rabin abin da ƴan tasha suka sani game da sararin sama shi ya ƙera musu. Daidai wurin da jirgin zai tashi, mutane suna ban kwana da iyalinsu, nan ne aka fi yagewa, nan ya sa wannan maganar. Littafin kuwa ya ɓace tun wata ƙaura.

Na ce to maganar tasa ce ke nan, in rubuta sunansa. Ya girgiza kai, dariyar ta ɗauke.

"Ba tawa ba ce, Mushe. Ta Hawa'u ce, uwar ɗiyana. Ranar da zan tahi biɗar kuɗi Abijan, ina ta gaya mata wahalar hanya, ita ta hwaɗa mini. Na ce mata wata shida. Na yi shekara bakwai."

Ya ce ta jira shi, amma da ya dawo bai zauna ba, ya sake ɗaukar jaka ya nufi Konni, ita kuma ta ce ƙafarta ba ta barin Tajaye. Tana can har yanzu wurin babban ɗansu. Shi dai ya canja kalma ɗaya ko biyu don ta dace da jirgi.

Na dawo gida na tarar da Ramatu tana tsince wake. Ban iya ba da haƙuri ba, kun sani. Na tsaya a kanta na ce gobe za ta raka ni Tajaye, domin wurin mace za ni, kuma ita ce ta fara tayar da wannan ƙura. Ta dube ni, ta gane abin da nake nufi, ta ce to Baba. Wannan shi ne duk sulhun da muka yi, kuma ya riƙe har yau.

Hawa'u tsohuwa ce gajera mai ƙarfin murya, mun same ta tana ba awaki ganyen wake. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, Ramatu ta zauna kusa da ita tana yi mata bayani: lakwal, allo, Bature, intanet, bango. Ta saurara tana kallonmu kamar mutanen da rana ta taɓa. Ta ce ita ba ta tuna ba, ta faɗi maganganu da yawa a ranar, yawancinsu ba na rubutawa ba ne. Ramatu ta karanto mata jimlar. Ta sa aka maimaita. Sai ta tsuke baki.

"In ni ce, ba sama na ce ba. Hanya na ce. Ga ɗiya, ga gona, ga surukuwa kwance, wa ke da lokacin duban sama? Hanya dai nike dubawa in na tahi rijiya, ko shi ne tahe."

Ina zaune a wurin na tuna fuskokin yaran da ke yin tsit idan na faɗi jimlar. Shekara talatin ina ɗauka taurari ne suka kama su. Rabin ajin ubanninsu suna Abijan ko Libiya ko Legas, uwayensu na duban hanya. Sun gane maganar tun ranar farko, sun san daga irin gidan da ta fito. Ni kaɗai ne, mai alli, ban gane ba.

Na ce mata za a rubuta a bango, ina son a sa sunanta. Ta ce Allah ya kiyaye, sunanta a bango, maza na wucewa suna karantawa? Ta ce in ina so in gaya wa ƴaƴana a gida, wannan ba laifi, amma ban da bango, ban da taro.

Direkta bai ji daɗin ganina ba. Ya ce an riga an yi fenti, an aika da takardun gayyata, manya za su zo daga Tawa. Ya ce wa zai sani? Baturen ba zai zo Illela ya yi ƙara ba. Na ce a goge sunan kawai a bar maganar. Ya ce magana ba mai ita kamar tunkiya ce ba shaida, kuma tsofaffin ɗalibai sunan suke so, shi ne ke ba ɗakin kwarjini. Muka rabu ba mu daidaita ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Sa'a ta ce in yi shiru in karɓi girmana, na riga na yi asarar gero, kada in haɗa da mutunci. Ba ta yi ƙarya ba. Amma ɗakin gwaji ne. Yaro zai shiga a ce masa ya auna kafin ya yarda, alhali a jikin bangon akwai abin da na san ba haka yake ba, da sunana a samansa.

Ranar buɗewa aka ba ni magana. Na miƙe na gode wa kowa, sannan na nuna bangon na ce mutumin nan bai taɓa faɗin haka ba, ni ne na koyar da kuskure shekara da shekaru ban bincika ba, maganar ta wata tsohuwa ce a nan ƙasarmu, ta faɗa wa mijinta ranar da zai tafi biɗa, kuma ta hana a faɗi sunanta. Wasu suka yi dariya suna zaton wasa ne. Da suka ga ban yi ba, wurin ya yi sanyi. Shugaban tsofaffin ɗalibai ya sunkuyar da kai, babban baƙo ya duba agogo. Aka yanke zare a gurguje, aka sha lemo, aka watse. Bayan mako biyu aka shafe bangon gaba ɗaya da farin fenti, jimla da suna duka, har yau ba a sake rubuta komai ba. Sunana na nan a saman ƙofa, amma ba a sake kirana wani taro a lakwal ɗin ba.

Ban ambaci Abdu ba, na cika alkawari. Sai dai duk wanda ya san mu ya san daga inda nake samo Faransanci mai daɗi, kuma labari ya riga ni isa Alela. Ya aiko mini cewa na tsiraita shi a tsufansa don in nuna ni mai gaskiya ne. Na je har gidansa, aka ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin zaure. Tun daga nan gaisuwarmu ba ta wuce ta wurin jana'iza. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma shi ne ba kwa sa wa a labarinku. Gero kuwa, abin da muka ɗaure a shekarar bai kai rabin rumbu ba, uwarku ta tuna mini da haka a kowane kwano har kaka ta zagayo.

Kuna tsammanin bayan duk wannan maganar ta mutu? Watan da ya wuce wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Yamai ya turo mini gaisuwa ta waya. Hoton Baturen ne, da hannu a haɓa, da taurari a bayansa, da jimlar Abdu a ƙasa, har an ƙara mata furanni. Na kira shi nan take, na yi masa bayani tun daga mai ƙosai har awakin Tajaye. Ya saurara da ladabi har na gama. Sai ya ce shi dai a bakina ya ji tun yana yaro, da hannuna na rubuta a allo, kuma bai taɓa ganin na yi kuskure ba, ƙila dai yanzu shekaru ne suka sa na fara mantuwa. Ya ce in riƙa hutawa.

Na gaji da gardama da waya. Bango ya fi ƙarfina, intanet ya fi ƙarfina, ɗalibaina ma sun fi yarda da Mushen da ya koya musu a kan tsohon da ke kiransu yanzu. Ku kaɗai aka ba ni izinin gaya wa, to na gaya muku. Sunanta Hawa'u, ƴar Tajaye, ba ta taɓa shiga aji ba. Kuma hanya ta ce, ba sama ba.